Manomin Jazira da Ruwan da Bai Ga Saukarsa Ba

Karatu: Yakubu 5:1-11. A duba kuma Maimaitawar Shari'a 11:10-15 da Irmiya 1:11-12.

Darasinmu na wannan mako a kan jira yake. Cikin wasiƙu da saƙonnin da masu sauraro ke aiko mana, akwai tambaya ɗaya da take yawan dawowa, ko da yake kowa da irin bakin da yake faɗinta. Wata ta ce shekarunta tara da aure ba ta ga haihuwa ba. Wani ya gama makaranta, takarda tana cikin akwati, aiki bai samu ba. Wani kuma rikici ya kore shi daga garinsu, yana zaune a gidan mutane, gonarsa tana can ciyawa ta cinye. Dukansu abu ɗaya suke tambaya: na yi addu'a, na yi azumi, shekara ta juyo, ban ga komai ba, ko Allah ya manta da ni ne?

Kowace ƙasa da irin jiranta. Mutanen Turai, inda dusar ƙanƙara take rufe ƙasa watanni, sukan fita lambu da safe suna duba ko furen farko ya huda ƙasa ya leƙo. Mu namu jiran na ruwa ne. Manzo Yakubu kuwa, da ya so ya koya wa masu bi haƙuri, sai ya ce su dubi manomi. To bari mu dubi wani manomi mai jin harshenmu, wanda yake zaune nesa da mu, can gabas a ƙasar Sudan.

'Yan'uwanmu na gabas

Kudu da birnin Khartum akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin koguna biyu, Farin Nilu ta yamma, Shuɗin Nilu ta gabas. Ita ake kira Jazira. A cikinta, da kuma bakin Shuɗin Nilu daga Wad Madani zuwa Sinnar, zuwa Sinja, har Damazin da Rusairis, akwai ƙauyuka da unguwanni inda za ka yi sallama da Hausa a amsa maka da Hausa. Kakannin yawancinsu maniyyata aikin hajji ne da suka taso a ƙafa, suna tafiya suna tsayawa su yi noma su sami guzuri. Wasu sun kai Makka sun juyo suka zauna a hanya, wasu ba su ƙarasa ba. Wani babban rukuni ya iso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a, Fulani da Hausawa, suka yi gabas har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar kaɗan. Garin da suka kafa har yau sunansa yake ɗauke da shi, Mai Wurno.

Kusan dukansu Musulmi ne. Kada wannan ya hana mu koyo daga gare su. Yakubu bai ce a dubi manomi mai bi kaɗai ba, cewa ya yi a dubi manomi. Ruwan sama ma, kamar yadda Ubangijinmu ya koyar, ba ya zaɓen gonar da zai sauka.

Ƙasa mai darewa

Ƙasar Jazira baƙar laka ce mai nauyi, irin wadda mutanen Borno suka sani a yankin tafkin Cadi. Idan damina ta wuce, hunturu ya wuce, bazara ta kama a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, ƙasar sai ta bushe ta dare. Tsagar takan yi faɗin da hannu zai shiga, ta yi zurfin da ba ka ganin ƙarshenta. Wani lokaci da yamma sai ka ga gabas ta yi ja, ka ce hadari ne, ashe guguwar ƙura ce, wadda suke kira habub. Ta rufe gari, ta cika tukunya da yashi, ta wuce ba ɗigo ko ɗaya.

Sa'an nan yayyafin farko ya zo, wanda mutanen Sudan ke kira rushash. A nan ne baƙo zai yi mamaki. Ruwa ya sauka, ka ji ƙanshin ƙasa, yara sun fita suna murna, amma da gari ya waye ka je gona sai ka tarar kamar ba a yi komai ba. Ruwan ya bi tsaga ya shige. Na biyu ma haka. Wanda bai san ƙasar ba zai ce ruwan ya tafi a banza. Manomin wurin ya san ba haka ba ne. Irin wannan laka daga ciki take fara sha. Ruwan da ya ɓace maka yana can ƙasa yana jiƙa ta, tana kumbura a hankali, har ranar da bakin tsagar zai haɗe. Ranar da ka ga ruwa ya kwanta a saman gona, to ruwan baya ne ya yi aikin da ya sa na yau ya tsaya.

Ɗan'uwa, ka riƙe wannan a zuciya sa'ad da kake tunanin addu'o'inka na shekarun baya. Ba ni da ikon in gaya maka abin da Allah yake yi da kowace ɗaya. Amma Maganar Allah ba ta taɓa koya mana cewa abin da ido bai gani ba ya ɓace.

Ko a nan ƙasar Hausa muna da mai yi mana wannan wa'azi kowace shekara, wato albasar kwaɗi. Duk rani ba ka ganin ko ganyenta. Shanu su taka wurin, wutar daji ta bi ta kai, ka rantse babu wani abu mai rai a nan. Ruwa na sauka sau ɗaya ko biyu, sai ga ta ta fito da fure fari mai jan zane, tun ciyawa ba ta rufe ƙasa ba. Furen ba ranar ya samu ba. Abincin da ya fito da shi tun daminar bara yake ajiye cikin albasar, a ƙarƙashin ƙasa mai zafi.

Wa Yakubu yake yi wa magana?

Sau da yawa mukan fara karatu daga aya 7, inda maganar haƙuri take, mu tsallake ayoyi shida na farko. Wannan kuskure ne babba, gama ayoyin nan su ne suke gaya mana ko su wane ne ake ce wa su yi haƙuri. Yakubu ya fara da tsawata wa masu arziki waɗanda suka sa mutane girbi a gonakinsu suka hana su ladansu. Ya ce hakkin nan da aka danne yana da murya, kukan masu girbin kuma ya riga ya kai kunnen Ubangiji. Bayan wannan ne ya juya ga 'yan'uwa ya ce su yi haƙuri. Ashe 'yan ƙodago ne yake ƙarfafawa, mutanen da suka yi aiki da gumi, wani ya ci amfanin.

Bahaushen Jazira ba ya bukatar a fassara masa wannan. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wanda daga baya ya kai fiye da faddan miliyan 2, faddan ɗaya kuwa ya ɗan fi eka. An raba ƙasar gona-gona, kowace ana kiranta hawasha. Mafi yawan masu hawasha 'yan ƙasar ne. Hausawa da sauran mutanen yamma su ne da yawa suka zama hannun aikin: shuka, noma, ɗibar auduga. Wasu sun sami gona, amma da yawa sun zauna a 'yan matsugunai a gefen hanyoyin ruwa, waɗanda ake kira kambo, uba ya mutu ɗa ya gāji ƙodago, jika ma haka, ba tare da sun mallaki ƙasar da suke zaune a kai ba.

Saboda haka kada wani ya ɗauki wannan sura ya mai da ita sandar dukan talaka. Na sha jin mai gida ya riƙe kuɗin yaron shagonsa watanni, in yaron ya yi magana sai a ce masa Kirista haƙuri aka san shi da shi. Wanda ya yi haka ya karanta rabin surar da ba tasa ba. Tasa ita ce aya 1 zuwa 6, kuma babu ta'aziyya a cikinsu. In kai ne kake riƙe da ladan wani, mai wanki ne, ko mai gadi, ko wanda ya yi maka noma bara, darasin wannan mako a gare ka gajere ne: ka biya shi kafin Lahadi. Haƙurin da Yakubu yake nufi kuwa bai hana mutum neman hakkinsa ta hanyar da ta dace ba. Abin da ya hana shi ne ramuwa, da kuma fid da zuciya, domin Mai Shari'a yana nan tafe, ya kuwa ji.

Ruwan da ya sauka a ƙasar wasu

A ƙasar Isra'ila ruwa biyu manomi yake jira. Na fari yakan zo wajen Oktoba ko Nuwamba, ya tausasa ƙasa a yi huɗa a yi shuka. Na ƙarshe yakan zo wajen Maris ko Afrilu, shi ne yake cika ƙwayar hatsi. Tsakaninsu watanni ne na sanyi. In na fari ya zo na ƙarshe bai zo ba, an yi wahalar banza. Shi ya sa Yakubu ya ambaci dukansu biyu. Akwai mai haƙurin jiran farkon abu wanda ba shi da haƙurin jiran ƙarshensa.

A Maimaitawar Shari'a sura 11 Musa ya gwada wa jama'a bambancin ƙasar da suka baro da wadda za su shiga. A Masar, in ji shi, mutum yakan shuka ya yi ban ruwa da kansa kamar mai lambu. Ƙasar alkawari kuwa ruwan sama take sha, idon Allah yana kanta daga farkon shekara har ƙarshenta. Manomin Sudan ya san duka biyun. A kudu, wajen Damazin, noman damina ne ya fi yawa, ido yana sama. A Jazira kuma ban ruwa ne. Ruwa yakan taso daga madatsar Sinnar ya bi babbar hanyar ruwa, wadda suke kira tur'a, ya rarrabu cikin ƙanana, ya shiga wadda ake kira Abu Ishirin, daga nan Abu Sitta, har ya kai kunya. Ƙasar tana da ɗan gangare zuwa arewa, ruwan da kansa yake tafiya.

Mai ban ruwa zai iya ɗauka shi ya fi ƙarfin jiran sama. Amma daga ina kogin yake samun ruwansa? Shuɗin Nilu daga tafkin Tana yake fitowa, a kan duwatsun Habasha, kuma daminar Habasha ce take cika shi. Tun zamanin kakanni, wajen watan Yuni, mutanen bakin kogi sukan ga ruwa ya fara canza launi, ya yi ja da laka, ya fara hawa, alhali a garinsu rana tana ƙuna, sama fes. Ba su ji tsawa ba, ba su ga walƙiya ba. An yi ruwan ne a kan duwatsun da yawancinsu ba su taɓa gani ba, a ƙasar mutanen da ba sa jin harshensu, kwanaki kafin labarinsa ya iso. A watan Agusta kogin yakan cika ya batse. Yanzu madatsun ruwa sun canza tafiyarsa. Akwai ta Rusairis tun 1966, ga kuma babbar madatsar Habasha kusa da iyaka, wadda aka fara tara ruwa a cikinta a 2020, aka buɗe ta a Satumba 2025. Hannun mutum yana riƙe ruwan ya sake shi lokacin da ya ga dama. Duk da haka babu injiniyan da ya taɓa ƙera ɗigo ɗaya. Abin da aka tara daga sama ya zo.

Wannan ita ce zuciyar darasinmu. Sa'ad da kake duban samanka ba ka ga gajimare ba, wannan bai nuna ba a yi ruwa ba. Ka tuna da Yusufu. Yana kwance a kurkuku a bakin wannan kogi na Nilu, wanda ya yi wa alheri ya manta da shi shekara biyu cur. A daren da Fir'auna ya yi mafarki, Yusufu bai san kome ba. Ya kwanta ɗan sarƙa kamar jiya, alhali abin da zai fitar da shi ya riga ya faru a wani ɗaki da bai taɓa shiga ba.

Haka kuma Irmiya. Da Allah ya kira shi yana saurayi, abin da ya fara nuna masa reshen itacen almon ne, wanda Larabawa ke kira lauz. A ƙasar Isra'ila yana cikin itatuwan da suke fara yin fure, tun ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, sanyi bai tafi ba, ganye ma bai fito ba. Da Ibrananci sunan itacen shaked ne, kalmar da take nufin mai tsaro, wanda bai yi barci ba, kuma shoked ce. Da wannan kamancin sunaye Allah ya sanar da annabin cewa a farke yake a kan maganarsa domin ya cika ta. Mu lura, maganar da aka ba Irmiya yawancinta ta hukunci ce, ya kuma yi kusan shekara 40 yana faɗinta ana yi masa ba'a kafin Urushalima ta faɗi. Furen almon bai ce masa gobe ne ba. Ya dai shaida masa cewa Mai alkawarin ba ya gyangyaɗi.

A nan dole in yi gargaɗi. Akwai masu wa'azi a zamaninmu da suke sayar wa mutane rana. Kawo kaza, cikin kwana bakwai za ka ga abin al'ajabi. Babu manomin kirki da zai yarda da wanda ya ce zai sayar masa da ranar saukar ruwa. Littafin Ibraniyawa sura 11 ya faɗa mana a fili cewa akwai masu bangaskiya da suka mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da Yakubu ya ɗaura haƙurinmu a kai shi ne zuwan Ubangiji. Wannan ne girbin da ba ya fasawa. Sauran abubuwa yakan ba da su bisa ga hikimarsa, wani da wuri, wani a makare, wani kuma sai a can.

Aikin mai jira

Jiran manomi ba zaman kashe wando ba ne. Kogin da yake kawo ruwa shi ne yake kawo laka, lakar kuwa takan toshe tur'a, ciyawa ta tsiro a ciki. In ba a yashe hanyar ruwa da rani ba, ruwa zai zo har bakin gona ya kasa shiga, na kusa da babbar tur'a ya sha, na ƙarshen layi ya ƙone. Haka zuciyar da gaba da ƙiyayya suka toshe. Lokacin jira lokacin yashewa ne, a nemi gafara, a yafe, a mai da abin da aka ƙwace.

Sai kuma iri. Mutanen Sudan sukan haƙa rami su adana dawa a ciki, suna kiransa matmura, kamar yadda muke da rumbu. Idan bazara ta yi tsawo, abinci ya ƙare, yara suna kuka, babu jarabar da ta fi ta a buɗe irin shuka a dafa. Wanda ya ci irinsa ya ƙoshi kwana uku, ranar da ruwa ya sauka kuwa sai ya tsaya yana kallon maƙwabta suna shuka. Na ga masu bi da suka jira shekaru, da abin ya yi tsanani sai suka tafi wurin boka a ɓoye, ko suka karɓi cin hanci, ko suka shiga auren da suka san bai kamata ba. Irinsu suka ci. Akwai gafara ga wanda ya tuba, amma daminar da ta wuce ba ta dawowa.

Wani abu kuma da Yakubu ya ambata, a aya 9, shi ne kada 'yan'uwa su yi gunaguni da juna. Da farko mutum zai ce me ya haɗa wannan da jiran ruwa? Wanda ya zauna a ƙauye cikin shekarar fari ya san amsar. Idan jira ya yi tsawo, ba a iya faɗa da sama, sai a juya kan maƙwabci. A ikkilisiya ma haka ne, lokacin da abubuwa suka tsaya cik, a nan ne ƙananan maganganu suke yawa, dattawa su rabu biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A jihar Shuɗin Nilu an ga inda irin wannan wuta take kaiwa. A Yuli 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun da suka daɗe suna zama tare, a kan ƙasa da sarauta. Ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, wasu dawarsu tana tsaye a gona. Ba a gama share hawaye ba sai babban yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF. A Disamba 2023 RSF ta kama Wad Madani, alkama tana gona, mutane suka watse. Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024. Soja sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025. Waɗanda suka koma sun tarar an kwashe injuna, an fasa rumbuna, hanyoyin ruwa sun cika da laka da ciyawa. Duk shekarun nan kogin bai fasa zuwa ba, ruwa ya yi ta wucewa ta gefen gonakin da babu mai shuka su. Wanda ya koma kuwa, abin da ya fara nema shi ne iri da fartanya.

In kana da taron addu'a a gida ko a ikkilisiya wannan mako, ka karanta musu Yakubu 5 daga aya ta farko, ka ambaci waɗannan garuruwa da sunayensu.

Addu'a

Ya Uba na sama, muna kawo maka mutanen Mai Wurno da Sinnar da Sinja, da na Wad Madani da Damazin da Rusairis, da mazauna kambo waɗanda ba mu san sunayen ƙauyukansu ba. Ka kawo ƙarshen zub da jini a Sudan. Ka ba waɗanda suka koma gida iri da ƙarfin shuka, ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka sulhunta maƙwabta da suka ɗauki makami a kan juna. Ka tuna da 'yar'uwarmu mai jiran haihuwa, da saurayin da yake neman aiki, da wanda yake kwana a gidan mutane. Ka tsare hannunmu daga cin hakkin ma'aikaci. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.